Rediyo, Waya, Dish ko Starlink: Ta Wane Hawa na Sama Saƙonka Yake Bi?

Duk wanda ya bar iyali a ƙauye, ko yake riƙe da makaranta ko ɗakin shan magani a inda sabis ke wahala, ya taɓa zama a kan shawarar wace na'urar sadarwa zai saya. Kuɗin hannu kaɗan ne, buƙatu kuwa ga su nan birjik: a ji halin da ƙasa ke ciki, a kira 'yan'uwa, a karɓi kuɗi ta waya, yara su samu abin karatu. Wani zai ce a sayi babbar waya a riƙa zuba mata data. Wani ya ce a kafa dish, ai gani ya kori ji. Samari yanzu bakinsu ya zo ɗaya a kan Starlink, wato intanet mai saukowa daga tauraron ɗan Adam. Dattawa kuma har gobe ba su ga abin da ya kai rediyo mai gajeren zango ba.

Gardamar takan tsaya a kan farashi da sauri, a manta da hanyar da saƙon yake bi kafin ya iso gida. Kowace na'ura a cikin waɗannan ta jingina ne da wani sashe na iskar da ta lulluɓe duniya, kuma halin wannan sashen shi ke yanke ranar da za ta yi aiki da ranar da za ta yi shiru. Wanda ya san haka ba zai zuba kuɗinsa a kan na'urori biyu da abu ɗaya ke kashewa ba. Da wannan ma'aunin zan auna su.

Iskar duniya kamar bene ce mai hawa biyar, kuma abin da ya raba wani hawa da wani shi ne yadda zafi ke sauyawa idan ana yin sama. Hawa na farko, wanda masana ke kira turofosfiya, shi muke ciki. A yankinmu, da yake muna kusa da tsakiyar duniya, yana kaiwa kilomita 16 zuwa 18, alhali a can ƙarshen duniya wajen ƙanƙara bai wuce 8 ko 9 ba. Kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin iskar duniya a nan yake, haka ma kusan dukkan tururin ruwa. Saboda haka hadari da ruwan sama da guguwa da hazon hunturu duk 'yan wannan hawa ne. A cikinsa zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi a duk kilomita guda da aka hau, shi ya sa Jos, da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, take da sanyin da Kano ba ta da shi. A rufinsa kuwa, a daidai samanmu, sanyi yakan kai digiri 75 zuwa 80 ƙasa da sifili. Ka tsaya ka kalli babban hadarin watan Agusta daga nesa: yana tashi a tsaye, yana ta toroƙo, sai can sama kansa ya baje gefe da gefe ya daina tashi. Rufin hawa na farko ke nan ya tarar.

Abin da ya tare shi shi ne hawa na biyu, sitiratosfiya, wanda ya miƙa zuwa wajen kilomita 50. A nan lissafi ya juya, ana hawa zafi na ƙaruwa, domin iskar ozon da ta fi taruwa tsakanin kilomita 15 da 35 tana shanye hasken rana mai ƙuna wanda ido ba ya gani. Mai ɗumi tana sama, mai sanyi tana ƙasa, babu dalilin da zai sa su cakuɗe, don haka wurin busasshe ne kuma natsattse. Na uku, mesosfiya, daga kilomita 50 zuwa wajen 85, shi ya fi ko'ina sanyi, har digiri 90 ƙasa da sifili, kuma a cikinsa ne tsakuwoyin da ke shigowa daga sararin samaniya suke ƙonewa, mu ce tauraro ya faɗi. Na huɗu, tamosfiya, ya tashi daga nan zuwa kilomita 500 ko fiye. Zafinsa a lissafi yakan haura digiri 1,000, amma iskar ta yi ƙaranci matuƙa har ba za ta iya ɗumama hannun mutum ba. Na biyar, ekzosfiya, nan ne ɗan abin da ya rage na iska yake ɓacewa cikin sarari.

Akwai kuma wani sashe da ba a ƙirga shi cikin biyar ɗin, domin ba da zafi ake gane shi ba. Sunansa ayonosfiya. Yana farawa daga wajen kilomita 60, ya ratsa saman hawa na uku, ya cika na huɗu. Shi ne jarin gajeren zango, za mu zo kansa.

Waya da FM: 'yan ƙasan bene

Tashoshin FM, da ke tsakanin megahaz 87.5 da 108 (megahaz ma'aunin yawan kaɗawar sigina ne), da wayar hannu, da ke aiki a megahaz 900 da 1,800 da makamantansu, ba sa barin gindin hawa na farko. Siginarsu a miƙe take tafiya daga ƙarfe zuwa na'ura, ita kuwa duniya a lanƙwashe take. Eriyar da aka ɗora a kan ƙarfe mai tsayin mita 100 tana kaiwa kusan kilomita 40 a shimfiɗaɗɗen fili, tashar da ke son ta wuce haka sai ta ƙara tsayi ko ta hau dutse. Ƙarfen sabis ya fi wannan gajeren hannu, domin ba aika saƙo kaɗai ake bukata ba, sai 'yar wayar da ke aljihu ta iya mayar da amsa da ɗan batirinta. Tsarin wayar hannu na GSM na asali iyakarsa kilomita 35, a aikace kuma sau da yawa ba ya kusantar haka. Wannan ne ya sa a ƙauyuka da dama akwai wurin da kowa ya sani, kan wani tudu ko gindin wata kuka a bayan gari, inda za ka tarar da mutane da yamma kowa ya ɗaga wayarsa sama, yana juyawa a hankali, yana jiran sabis ya kawo.

Duk da suna zaune a hawan da ya fi kowanne rikici, yanayi bai cika damunsu ba. Ruwan sama ba ya tare siginar FM ko ta waya yadda yake tare ta dish. Ƙurar hunturu, wadda mai yawa daga cikinta take tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, tana iya rufe gari har jirgi ya kasa sauka, amma ƙwayoyinta sun yi ƙanƙanta su hana wannan siginar wucewa. Ɓarnar ƙura tana kan faifan sola, wanda in ba a goge shi ba caji yake raguwa. Inda ruwa ke taɓa waya shi ne ƙananan farantan nan masu kama da ganga da ake gani a jikin ƙarfen sabis, masu haɗa wani ƙarfe da wani, su ruwa mai ƙarfi yana iya raunana su. Wani lokaci ma yanayi kyauta yake bayarwa: da asubar sanyi, idan iska mai ɗumi ta kwanta a kan mai sanyi kusa da ƙasa, sigina takan lanƙwasa ta bi tsakaninsu, sai ka ji tashar FM ta wani gari mai nisa ta shigo tangaram. Rana na ɗagawa take tafiya, ba abin dogaro ba ce.

Raunin waɗannan biyu a ƙasa yake, a hannun mutane. Ƙarfe yana bukatar gas a janareta, yana bukatar mai gadi, yana bukatar wayar ƙarƙashin ƙasa da masu haƙa hanya ba su tsinke ba. Kuma umarni ɗaya ya isa ya kashe shi. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, rufewar ta kuma shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. A Nijar an dakatar da RFI a watan Agustan 2023, an kuma dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024, abin da ya fi shafa kai tsaye shi ne shirye-shiryen da ake ji ta FM a cikin ƙasa. Ba shari'ar dalilan hukuma nake yi a nan ba. Abin da ya shafi mai zaɓe shi ne ya san cewa waya da FM tushensu ɗaya, kuma abin da ya kashe ɗaya yana iya kashe ɗayan.

Duk da haka, inda sabis ke isa, babu abin da ya kai waya. Ita ce mafi arha a cikin masu kai saƙo su dawo da amsa, da ita ake tura kuɗi, da ita ake kiran mai mota idan haihuwa ta zo da gardama cikin dare.

Hawa na biyu da na uku ba su da abin sayarwa a kasuwa tukuna. An gwada. Kamfanin Loon, ɗan gida ɗaya da Google, ya riƙa tura manyan balan-balan zuwa wajen kilomita 20, can saman hadari, suna aikin ƙarfen sabis daga sama. A 2020 ya fara ba da intanet a Kenya tare da Telkom Kenya, a Janairun 2021 aka sanar da rufe shi saboda kuɗin tafiyar da shi ya ƙi sauka. Dabarar tana da kyau, wurin ma ya dace, amma yau ba ta cikin zaɓi. Hawa na uku kuwa ya fi ƙarfin balan-balan, ya kuma yi wa tauraron ɗan Adam ƙasa.

Gajeren zango da abin da ke mayar da shi ƙasa

A Disamban 1901 Marconi, wani ɗan Italiya mai gwajin aika saƙo ta iska, ya ce ya karɓi sigina a Newfoundland, da ke cikin Kanada a yau, wadda aka aiko daga Cornwall a Ingila, ta ƙetare Tekun Atlantika. Masana suka rasa yadda sigina mai tafiya a miƙe za ta bi lanƙwasar duniya har haka. A 1902 Kennelly a Amurka da Heaviside a Ingila, kowanne a nasa ɓangaren, suka ce lallai akwai wani abu a sama da ke mayar da ita ƙasa. Edward Appleton ya tabbatar da shi ta gwaji a tsakiyar shekarun 1920, aka ba shi kyautar Nobel a 1947.

Abin da ke faruwa shi ne, can sama hasken rana mai ƙarfi yana bugun ƙwayoyin iska yana ɓalle musu ƙananan ƙwayoyin lantarki. Waɗannan ƙwayoyi da ke yawo a sake suna lanƙwasa siginar rediyo mai tsakanin megahaz 3 da 30 har ta juyo ƙasa. Tsalle ɗaya yana iya kaiwa kusan kilomita 4,000, kuma siginar na iya bugun ƙasa ta sake tashi. Da haka ne tashar BBC da ke tsibirin Ascension a kudancin Atlantika, fiye da kilomita 3,000 daga Kano, take isa bukkar makiyayi ba tare da ƙarfe ko ɗaya a tsakani ba. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, kuma mafi yawan waɗanda suka tashi da sauraronsu ta wannan hanya suka ji su. Haka Rediyon Najeriya Kaduna a mita 49 ya shiga gidajen Hausawa har wajen iyakar Najeriya.

Ayonosfiya shimfiɗa-shimfiɗa ce, kuma fahimtarsu ita ce sirrin murɗa rediyo. Ta ƙasa, mai suna D, tana tsakanin kilomita 60 da 90, ba ta mayar da sigina, shanye ta take yi, musamman ta ƙananan mitoci na megahaz. Da rana kaɗai take rayuwa, rana na faɗuwa take watsewa. Ta tsakiya, E, tana wajen kilomita 90 zuwa 150. Ta sama, F, daga 150 zuwa sama, ita ce babbar ma'aikaciya, kuma tana kwana, ko da yake takan yi rauni kafin asuba. Daga nan ƙa'idar ta fito. Da rana sai a nemi mita 16 ko 19, wato wajen megahaz 17 da 15, domin su ne ke iya ratsa D su kai F su dawo. Da dare da asuba sai a sauko mita 31, 41 ko 49, wato megahaz 9, 7 da 6, domin mai shanyewa ta tafi, ita kuma F ba ta da ƙarfin mayar da masu yawan megahaz. Mita 25 tana tsakiya, takan yi daɗi da magariba. Saboda sauyin tsawon rana, manyan tashoshi suna canza mitocinsu sau biyu a shekara, ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. Sau da yawa idan mutum ya ce tasha ta ɓace masa, ba ɓacewa ta yi ba, ƙaura ta yi.

Wannan D ɗin ce kuma ta bayyana halin matsakaicin zango. Da rana tashar jiharku kaɗai za ka kama, ta bin ƙasa. Dare na yi sai allurar ta cika da harsuna, Larabci da Faransanci da wasu da ba ka sani ba, domin hanyar sama ta buɗe.

Abin da ya fifita gajeren zango a wurina shi ne cewa duk abin da ke kashe waya da dish bai isa gare shi ba. Hadari yana ƙarewa a kilomita 18, shi kuwa aikinsa yana can ɗaruruwan kilomita sama, kuma ɗigon ruwa ba ya tare siginarsa a hanya. Walƙiya tana sa masa tartsatsi, amma magana na fita. Ba ya bukatar ƙarfe a jiharka, ba kuɗin wata, batir biyu ko ɗan faifan sola sun ishe shi.

Rauninsa daga rana yake zuwa. Tana da zagaye na kimanin shekara 11 na tashi da kwanciya, kuma a 2024 ta kai ƙololuwar zagayen da muke ciki. Idan ta yi aman wuta mai ƙarfi, D takan yi kauri nan take a ɓangaren duniya da ke cikin hasken rana, sai gajeren zango ya yi tsit na mintuna ko awa guda ko fiye. Ko a ranar lafiya murya tana zuwa tana komawa, domin sigina ta biyo hanyoyi biyu suna karo da juna. Sauti ba ya kai na FM. Ji kawai ake yi, ba a mayar da magana. Sannan akwai abokin gaba na cikin gida da mutane ba su lura da shi ba: inbata, da cajar waya mai arha, da wasu ƙwayayen fitila na zamani suna fitar da ƙara da ke binne tasha mai rauni. Ɗauki rediyon ka fita tsakar gida, nesa da su, ka ji bambanci. Babban abin da ke damuna kuwa ba na sama ba ne: masu watsa shirye-shirye ta wannan hanya suna raguwa. A Maris 2025 Muryar Amurka ta tsaya bayan umarnin gwamnatinta. Hanya tana nan a buɗe, masu binta ne ke ƙaranci, kuma talakan karkara ne ke asara.

Dish da Starlink: masu kallon tauraron ɗan Adam

Tauraron da dish ke kallo yana kilomita 35,786 a saman layin tsakiyar duniya, can bayan duk wata iska mai tasiri. A wannan nisan yana zagaya duniya sau ɗaya a kwana guda, daidai da juyawarta, shi ya sa a idonmu yake tsaye wuri ɗaya, mai saiti ya ɗaure dish ya tafi abinsa. Tauraron Najeriya NigComSat-1R, da aka harba daga China a Disamban 2011, a irin wannan layi yake. Siginar ƙananan dish tana wajen gigahaz 11 zuwa 12 (gigahaz ɗaya megahaz dubu ne), ta wuce iyakar da ayonosfiya ke iya mayarwa ƙasa, sai ta ratsa ta wuce. Ta yi tafiyar dubban kilomita lafiya, a 'yan kilomitan ƙarshe take gamuwa da matsala, domin ɗigon ruwa yana shanye ta yana watsa ta.

Ga abin da ya ƙara dagula lamarin a wajenmu. Dish ɗin DStv a Najeriya yana kallon tauraron da ke kan digiri 36 gabas, wato yana fuskantar gabas maso kudu, hadarin damina kuma daga gabas yake taso mana. Ana zaune a gidan kallo, waje ko yayyafi babu, iska ce kawai ta fara kaɗa labule, sai hoto ya fara kakkaryewa, 'yan wasa su daskare, allo ya yi duhu. Ruwan bai iso gari ba, amma ya riga ya shiga tsakanin dish da tauraro. Babban dish na tsohon yayi, mai aiki a wajen gigahaz 4, ya fi jure ruwa nesa ba kusa ba, sai dai girmansa da wahalar kafa shi. Akwai kuma 'yan kwanaki a kusa da Maris da Satumba da rana kan bi ta bayan tauraron daidai, hoto ya ɗauke na mintuna ya dawo da kansa, kada a taɓa saiti.

Don kallo, dish ba shi da na biyu, tauraro ɗaya yana ciyar da nahiya. Don intanet kuwa nisan yana cin lokaci. Sigina tana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, amma tambaya ta hau ta sauka, amsa ta hau ta sauka, an ci kusan rabin daƙiƙa. A kiran bidiyo ana jin wannan, mutane su riƙa katse juna.

Starlink ya magance jinkirin ta hanyar saukowa cikin hawa na huɗu, wajen kilomita 550, ɗan sama da tashar binciken sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa da ke wajen 400. Jinkirin ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Amma a wannan tsayin tauraro ba ya tsayawa, yana gudun kusan kilomita 27,000 a awa, yana zagaya duniya cikin awa ɗaya da rabi da 'yan mintuna. Dole a samu dubbai, wani na wucewa wani na karɓa, kuma dole farantin ya ga sarari a buɗe. Reshen darbejiya ɗaya da ya rufe gefe ya isa ya riƙa yanke kira. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ya fara aiki, a Janairun 2023.

Zama a hawa na huɗu yana da haraji. Iskar wurin, duk ƙarancinta, tana jan tauraro baya a hankali, kuma idan rana ta yi fushi hawan yana kumbura, jan ya ƙaru. A Fabrairun 2022 an harba taurari 49, guguwar rana ta same su tun suna ƙasa-ƙasa ba su kai mazauninsu ba, kusan 40 suka dawo suka ƙone. Wannan asarar kamfani ce, mai amfani a gida bai cika jin ta ba. Abin da zai ji shi ne ruwa, domin farantin Starlink yana aiki ne a kusan mitocin da ƙaramin dish ke aiki, mamakon ruwa yana rage masa sauri ko ya yanke shi na ɗan lokaci. Zai kuma ji wuta: babban farantin yana cin wat 50 zuwa 100 muddin yana kunne, wanda ke nufin faifan sola da batir na kirki, ba na cajin waya ba. Ga kuɗin na'ura, ga na wata-wata da ba ya jira a sayar da amfanin gona. Kuma aikinsa a kowace ƙasa yana rataye da izinin hukuma da shawarar kamfani guda. Duk da haka, lokacin da layukan waya suka mutu a Sudan a farkon 2024 saboda yaƙi, da shi mutane da yawa suka riƙa jin 'yan'uwansu suna karɓar kuɗi, suna biyan mai faranti kuɗin awa.

To me za a saya?

Ga gida a ƙauyen da sabis ke zuwa ko da da ƙyar, waya ce farko, rediyo mai FM da gajeren zango na biye. Ɗaya ta dogara da ƙarfe a ƙasa, ɗayan da shimfiɗar F a sama, da wuya su mutu rana ɗaya. Kafin a yi tunanin tauraro, a gwada layukan kamfanoni daban-daban, a kuma gwada ɗaga 'yar na'urar intanet mai ɗaukar layi a kan dogon ƙarfe, domin a hawa na farko tsayi shi ne magani.

Ga makiyayi, da mai noma a daji, da direban doguwar hanya, rediyon ne farko. Ba na ganin wani abu da ya kama ƙafarsa a nauyi da kuɗi da nisa.

Ga makaranta, ko asibiti, ko mai shagon kwamfuta a garin da babu sabis ko kaɗan, Starlink ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗi biyu: a lissafa sola da batir a cikin farashi tun farko, a kuma san waɗanda za su haɗa kuɗin wata kafin a saya, ba bayan an kafa ba. Ga gida ɗaya mai ƙaramin ƙarfi ban ba da shawararsa ba. Haɗin da nake ganin an fi yin asara a kansa shi ne dish da Starlink su kaɗai, a ce an gama. Dukansu ruwa ɗaya ke taɓa su, dukansu suna jiran wuta, kuma in dish ɗin na biya ne, dukansu suna jiran biyan wata. A daren da hadari ya fi tsanani, lokacin da aka fi bukatar jin ko kogi ya kawo, su ne za su fara yin shiru. Wanda ya iya sayen waɗannan biyun, kuɗin rediyo ba zai gagare shi ba.

Sayen rediyon ma yana son lura, domin ba duk wanda aka rubuta wa SW, wato gajeren zango, ne ke aikin ba. Mai shago zai ce, "Alhaji, wannan har Landan yake kamawa." Sai a ce masa, "To malam, sa batir mu ji." A duba allon a ga ya ɗauko tun daga wajen megahaz 6 har zuwa 18, wato mita 49 zuwa 16, domin wanda ya tsaya a 12 zai bar ka da rana. Mai nuna lamba a allo ya fi mai allura sauƙin komawa kan tasha, sai dai ya fi cin batir. A murɗa a hankali a ji ko yana raba tashoshi biyu da ke maƙwabtaka, ko kuwa cakuɗa su yake yi. In da hali a gwada shi a bakin shago, ba a ciki ba inda fitilu da caja suka kewaye shi. A gida kuma, wayar lantarki mai tsawon mita 5 zuwa 10, a naɗa bakinta a eriya a rataye sauran a kan katanga ko reshe nesa da wayar wuta, tana fito da tashoshin da da ba a ji. Da an ga hadari ya haɗo, a cire ta daga jikin rediyon saboda tsawa.